Ƙararrawa a Cikin Kada

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Amarya!

An yi wata Akuya mai 'ya'ya biyu. Ciyawa ta ƙare a gefensu na kogi, tsallake kuwa kore shar. Mai fito ɗaya ne, Kada, a bayansa ake hawa.

Akuya ta ce, "Malam Kada, ba ka cin fasinja?"

Ya ce, "Haba, Hajiya! Ni? Tambayi waɗanda na kai na dawo da su. Ga su can gindin gawo."

Ta je ta ce, "Baba Kunkuru, yaya hawan Kada?"

Ya ce, "Lafiya lau. Ya ɗan lashi bayana, wai gaisuwa ce."

"Bushiya, yaya hawan Kada?"

"Lafiya lau. Ya sunsune ni, ya ce wash, shi ke nan."

"Yaya Beguwa, ke fa?"

"Lafiya lau. Ko kallona bai yi ba, don kunya."

Akuya ta ce, "Uku na tambaya, uku sun yaba. Kowa ya yaba ke nan." Ta tura 'ya'yanta gaba.

Har ta ɗora ƙafa ɗaya a bayan Kada, sai ta waiwaya. Ta ga Kunkuru da ƙoƙo a baya, Bushiya da ƙaya, Beguwa da kibiya. Ta dubi 'ya'yanta, ɓul-ɓul, nama zalla.

Ta ce, "Malam Kada, ina Rago mai ƙararrawa da ya hau jiya? Jikinsa irin namu ne, shi nake so in tambaya."

"Can ya yi masa daɗi, ya ƙi dawowa."

"Zabuwa fa?"

"Ta yi aure a can."

"Ɗan Maraƙi fa?"

"Ya tafi karatu."

Ƙaryar ta ba Kada kansa dariya. Yana ƙyalƙyalawa, sai cikinsa ya ce ƙililin, ƙililin!

Akuya ta fizgo 'ya'yanta, ta yi tsalle baya. Ta ce, "Ashe Rago na nan! To, na ji tasa amsar."

Tun ranar, ko ina Kada ya motsa sai ƙililin, kowa ya watse. Ya rame har haƙarƙarinsa suka fito. Akuya kuwa ta bi gaɓa har ta samu mashigi, ruwa iya gwiwa, suka haye, suka ci suka ƙoshi.

To yara, in za ku yi tambaya, kada ku tsaya ga waɗanda aka nuna muku. Ku duba su wane ne ba sa wurin, kuma me ya hana su zuwa.

Ƙurunƙus! Wanda ya ji ƙililin, ya riƙe ƙanensa.