Na'urar da Ba Ta San Musu Ba

An yi wani mutum mai suna Filibus, mai kula da na'urori a wani ofishi inda ake fassara Maganar Allah zuwa yaren mutanen wani ƙauye na kan dutse. Ma'aikatan sukan hau dutsen su zauna da tsofaffi, su ɗauki muryarsu, su sauko su yi ta gardama a kan kalma ɗaya har lokacin tashi. A cikin tsofaffin nan akwai Baba Maisamari, wanda ya san yaren tun kafin Hausa ta ratsa shi. Duk abin da aka ɗauko daga bakinsa, a hannun Filibus ake damƙa shi.

A tsohon ofishinsu, ajiyar Filibus wani baƙin faifan kwamfuta ne mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Duk ƙarshen mako yakan kwafe aikin a ciki, ya zare wayar faifan, ya hau babur ya kai shi gidan Mama Lai'atu, shugabar ofishin, a sa shi a ƙasan akwatin zannuwanta. Aiki ne mai gundura, kuma ba wanda ya taɓa yaba masa a kai.

Ana nan sai aka gina musu sabon ofishi, aka keɓe wa Filibus ɗaki guda marar taga. Ya kafa kantar ƙarfe mai tsayin mutum, ya ɗaure ta da ƙasa. Ya zura babbar na'urar ajiya a ciki, wadda 'yan boko suka raɗa wa suna uwar garke, ko da yake ba ta taɓa ganin makiyaya ba. Ya jera wayoyi launi-launi, ya ɗaure su tsaf kamar kitson amarya. Ya sa batura saboda ɗauke wuta, ya sa na'urar sanyaya ɗaki. A duk ginin, na'urorin ne kaɗai ba sa gumi.

Amma abin alfaharinsa shi ne na'ura ta biyu da ya sa a ƙarƙashin ta farko. Ya saita ta yadda duk abin da ta farko ta yi, nan take ta biyun za ta yi irinsa. Ba jiran ƙarshen mako, ba babur, ba akwatin zannuwa.

Ranar keɓe ofishin, bayan fasto ya yi addu'a, Mama Lai'atu ta leƙa ɗakin tana gyara gyale saboda sanyi.

Filibus ya ce, "Mama, in ta sama ta mutu yau, ta ƙasa tana da komai. Bakinsu ɗaya."

Ta ce, "To, in ta saman ta yi kuskure fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Na'ura ba ta kuskure, Mama. Mutane ne ke yi."

Gaskiya ya faɗa. Bai dai tuna ya lissafa kansa cikin mutane ba.

Tsohon faifan kuwa, ya karɓo shi daga gidan Mama don ya haɗa shi da kantar, shi ma ya riƙa bin sahu. Sai bakin wayarsa ya ƙi shiga, domin tsohon yayi ne. Filibus ya zaga kasuwa yana neman mahaɗin da zai daidaita su, bai samu ba. Ya ce a ransa, wannan ai ya tsaya a jiya. Ya ɗora shi a kan teburinsa yana danne takardu da shi, aikin da faifan ya yi ba tare da gunaguni ba.

Da damina ta faɗi, ma'aikatan suka sāke hawa dutsen. Baba Maisamari yana kwance ba lafiya, amma ya yi musu bayani mai tsawo a kan yadda kakanninsu ke faɗin gafara, kalmar da suka daɗe suna nema. Suka sauko da muryarsa, aka zuba a na'ura. Ba a daɗe ba ya rasu.

Wata safiya Filibus ya ga na'urar ta fara cika, ya zauna share tarkace. Ma'aikatan ofishin nan suna da wata al'ada wajen sa wa jakar aiki suna. Akwai "Muryoyi", akwai "Muryoyi sabo", akwai "Muryoyi na ƙarshe", akwai kuma "Muryoyi na ƙarshe na gaske". Filibus ya yi tunani irin na mai hankali: na ƙarshe na gaske ai shi ne cikakke. Ya bar shi, ya goge sauran. Bai yi wata-wata ba, tun da akwai ta biyu.

Bayan 'yan kwanaki, iyalin Baba suka aiko suna roƙon muryarsa, su ji a taron tunawa da shi. Filibus ya buɗe jakar da ya bari. Sai ya tarar da gwajin makirfo ne kawai, wani yana ta cewa, "Ana ji na? Ana ji na?"

Ya tashi ba gaggawa, ya buɗe na'ura ta biyu. Ita ma abin da ke cikinta ke nan. Sa'ad da ya goge a sama, ta goge a ƙasa, cikin cikakkiyar biyayya. Fitilunta duka kore ne, alamar lafiya lau. Ba ta karya umarninsa ko ɗaya ba.

Ya zauna a ƙasan ɗakin mai sanyi, sai ga gumi yana keto masa. Mutanen kan dutse sun ba da muryar ubansu amana, ofishin ya damƙa masa, shi kuma ya damƙa wa abin da ba ya iya ce masa a'a.

Can ya tuna da abin danne takardunsa. Ya tono wata tsohuwar kwamfuta daga sito, ya kakkaɓe ta, ya sa wayar faifan, ta shiga daidai. Faifan ya yi ɗan gurnani, ya buɗe. Ga muryar Baba Maisamari nan, duk abin da aka ɗauka har ranar ƙaura. Zaman ƙarshe na damina ne babu, domin tun ƙaura Filibus bai sāke waiwayar faifan ba.

Ya je ya faɗa wa Mama Lai'atu, bai rage komai ba. Ta ce, "Bayanin gafarar fa?"

"Ya tafi, Mama."

"Ta ƙasan nan ba ta ce maka komai ba?"

"Ban yi ta don ta yi musu ba."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To, ɗana. Kalmar dai na riƙe ta a ka. Ga shi har mun sami inda za mu fara gwada ta."

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Na'ura ta farko zuciyarka ce, inda kake yanke shawara, mai kyau da marar kyau. Ta biyu ita ce duk abin da ka tara kusa da kai don ya riƙa ce maka "haka ne": abokan da ba sa musa maka, wa'azin da kake zaɓa don ya dace da halinka, har da lamirin da ka horar ya bar damunka. Suna da daɗin zama, kuma kana ganin ka sami shaidu. Amma ranar da ka goge gaskiya daga zuciyarka, su ma za su goge, fitilunsu kuwa kore.

Tsohon faifan yana tsaye a matsayin Maganar Allah. Misalin bai cika ba, gama faifai yana tsufa, Maganar kuwa ba ta tsufa. Amma a abu guda sun yi kama: ba ta canzawa don ka canza. Shi ya sa sau da yawa ba ta shiga kantar da muka kafa wa rayuwarmu. Wasunmu sun daɗe suna zaga kasuwa suna neman mahaɗin da zai sa ta yarda da su. Alherin Allah ne da ba a sayar da irin wannan mahaɗin. Wasu kuma sun ɗora ta a kan tebur, inda take danne takardu da kyau.

Ku lura kuma, Filibus ya sami gafara, amma bai sami zaman damina ba. Ubangiji yana karɓar mai komowa, duk da haka akwai abin da yakan salwanta tsakanin ranar da ka daina zuwa da ranar da ka tuna hanya.

Saboda haka kowa ya tambayi kansa kafin ya isa gida: yaushe rabon da wani abu ya ce mini a'a, na kuma saurara? In ka kasa tunawa, wataƙila ba don ka daina kuskure ba ne.