Jar Wutar da Aka Rufe da Hoto

Akwai wani manomi a wani ƙauye na kan dutse, wanda wansa ya rasu ya bar mota. Tsohuwar akori-kura ce. Da ita marigayin yake kai dankali da kabeji kasuwar gari, da ita yake ciyar da matarsa Laraba da 'ya'yansu. Bayan jana'iza dangi suka zauna, suka miƙa wa ƙanen makulli, suka ce, "Ga mota, ga marayu. Cinsu yana cikinta."

Mutumin ya iya tuƙi, amma bai san cikin mota ba. Wansa ne ya sani. Shi yake shiga ƙarƙashinta ran Asabar yana waƙa, ya fito baƙi ƙirin. Kowace waya da ke ciki, hannunsa ne ya ɗaura ta. Saboda haka ƙanen ya ƙudura a ransa ba wanda zai taɓa injin nan. Shi kansa ba ya ɗaga murfin, gama warin da ke fitowa warin rigar wansa ne.

Wata safiya yana gangarowa da kaya, sai wata 'yar jar wuta ta kama a bayan sitiyari, kusa da agogon gudu. Siffarta kamar ƙaramar buta mai ɗiga. Da ya isa tasha, ya tambayi direbobi.

Ɗaya ya leƙa ya ce, "Buta ce? Ai shayi motarka take so." Aka kwashe da dariya.

Wani dattijo ya ce, "Ɗana, kai ta wurin bakanike yau."

Wani kuma ya ce, "Rabu da Baba. Tawa tun bara take ci, ga ni ban mutu ba. Manna mata takarda ka huta."

Wannan shawara ta ƙarshe ce ta shiga kunnensa, don ita ce ba ta ce a buɗe komai ba.

To, lokacin jana'iza an buga 'yan takardu masu mannewa da hoton marigayin, irin waɗanda ake raba wa masu zuwa gaisuwa. Ya ɗauki ɗaya ya manna a kan wutar. Daga ranar, in ya duba, fuskar wansa yake gani tana murmushi. In hadari ya haɗu gari ya yi duhu, sai jan ya ratso takardar ya haska kumatun, kamar mutum zaune a bakin murhu. Har yakan ji sanyi a ransa.

Wata rana Laraba ta tarye shi a ƙofar gida ta ce, "Baban Asabe, muryar motar nan ta sauya. Shekara da shekaru tun daga gangare nake jin ta, in tashi in ɗora ruwan wanka. Ba haka take kuka ba."

Ya ce, "Lafiyarta lau. Allah yana tsaronta."

Ta dube shi ta ce, "Kai fa?"

Ya ce, "Ni ma lafiya lau."

Ran kasuwa ya loda dankalin gonar Laraba. Yana tsakiyar hawan wani tudu a hanya sai ya ji ƙara daga cikin injin, kamar ana daka a turmin da babu hatsi. Motar ta yi rawa, ta yi hayaƙi, ta yi shiru.

Aka ɗauko bakanike a kan babur. Ya ɗaga murfin, ya zaro ƙarfen gwada mai, ya gan shi a bushe. Ya ce, "Maigida, ba wutar da ta nuna maka?"

Mutumin ya nuna hoton da yatsa. Bakanike ya sa farce ya ɓamɓare hoton a hankali don kada ya yage, ya miƙa masa da hannu biyu.

Ya ce, "Baƙin mai ne yake yoyo har ya ƙare. Da ka zo ranar da ta kama, ko kasuwa ba za ka rasa ba. Yanzu kam inji ya buga."

"Ba za ta tashi ba?"

"Da wannan injin, a'a. Sai haƙuri."

Mutumin ya zauna a bakin hanya, ga buhunan marayu a rana. A nan ya yi kukan da bai yi ba a bakin kabari.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Motar ita ce zuciyarka, da dukan waɗanda suke jingine da kai. Jar wutar ita ce alamar da Allah yake kunnawa a cikin mutum sa'ad da wani abu yake tsiyayewa: barci ya ƙi zuwa, tuwo ya ƙi shiga, fushi ba dalili, ka durƙusa addu'a baki ya yi nauyi. Ba don ya tsorata ka ya kunna ta ba, jinƙai ne. Hoton kuwa ba mugun abu ba ne, inda aka manna shi ne ba daidai ba. Haka muke yi da kyawawan kalmomi. "Mun gode Allah" gaskiya ce, amma mukan ɗauke ta mu rufe ciwo, har a cikin ikkilisiya, har a gaban Ubangiji wanda yake jira mu buɗe masa ya gyara. Akwai kuma masu ce maka namiji ba ya kuka. Ba su za su zauna da kai a bakin hanya ba.

In akwai abin da yake ci a cikinka, kada ka kai shi wata Lahadi. Faɗa wa Ubangiji, ka kuma faɗa wa mutum ɗaya mai tsoron Allah. Ku kuma, in an tashi sujada kuka gaisa da wanda ya yi rashi, kada ku yi saurin sakin hannunsa.