Kurege Wanzami da Baƙin Tawul

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in da daɗi mu riƙe.

Daɗinta kaɗan ne, amma ku ji.

Kurege ne ya zama wanzami. Ba gado ya yi ba, ba kuwa wanda ya koya masa. Zama ya yi wata rana a bakin kasuwa yana kallon Kunkuru, tsohon wanzamin garin, yana aiki a gindin tsamiya. Ya ga masu aski sun yi layi, kowa da ƙunshin gyaɗa ko gero na ladan wanzami. Ya kuma ga layin ba ya tafiya. Askin kansa ba ya daɗewa. Tawul ne yake cinye wa Kunkuru rana.

Farare ne duka, masu kauri, kowane kai da nasa. In ya gama da ɗaya sai ya jefa shi a tukunyar ruwan zafi da toka, ya wanke da sabulu, ya matse, ya shanya har ya bushe ƙarau. Igiyar shanya ma biyu ce, ɗaya ta masu cin nama, ɗaya ta masu cin ciyawa.

Kurege ya matso ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Aski ake yi a nan ko wankau?"

Kunkuru bai ɗago kai ba. Ya ce, "Duk garin nan, wannan tabarmar ce kaɗai mai cin nama da mai cin ciyawa suke kwanciya a kai su miƙa wuya. Ina rufe musu ido da tawul. Hancinsu ban iya rufe shi ba."

Kurege ya ce Allah ya ƙara wa Baba basira. Ya juya, a ransa yana cewa tsufa ne kawai.

Ya nemi aska da zabira. Ya je wurin mai sayar da tawul, aka shimfiɗa masa farare masu shan ruwa.

Ya ce, "Fari yana tona asiri. Ba ka da baƙi?"

Mai tawul ya ce, "Akwai, amma wanzamai ba sa saye. Ba a gane ranar da ya yi datti."

"Shi nake nema."

"Guda nawa?"

"Kai nawa ake askewa a lokaci guda? Ɗaya."

Ya kafa rumfarsa daura da ta Kunkuru. Ruwa ɗaya, tawul ɗaya, a jiƙa, a goga, a aske, a tashi. Kafin Kunkuru ya gama kai biyu Kurege ya gama goma. Masu gaggawa suka koma wurinsa, masu gaggawa kuwa su ne rabin gari. Da yamma sai ya cusa tawul a zabira da damshinsa, ya ɗaure.

Ana nan, ana nan, sai ga Bunsuru.

Bunsuru kun san halinsa. In ya zauna a majalisa, kowa sai ya tuna da wani aiki da ya bari a gida. Kunkuru yana yi masa aski, amma sai kowa ya watse, da wani tawul da yake ajiyewa can nesa a kan reshe. Bunsuru ya san dalili, bai taɓa magana ba.

Ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Wanzam, in kana da mutane sai in dawo."

Kurege ya dubi ƙunshin gyaɗar da ke hannunsa, ya ce, "Malam Bunsuru, kai ba mutum ba ne? Kwanta."

Ya kwanta. Aka jiƙa tawul da ruwan ɗumi, aka shafe masa kai da wuya, aka aske, aka bar gemu yadda yake so. Ya tashi yana shafa ƙeya, ya yi godiya har sau uku.

Bai daɗe da tafiya ba sai ga Kure, mijin Kura. Ya zube a tabarma ya ce a rage masa gashin baki, yana hana shi cin abinci. Kurege ya tsoma tawul ɗin nan a ruwa, ya matse, ya lulluɓe masa fuska.

Kure ya ja numfashi. Ya sake ja. Yawu ya fara bin gefen bakinsa yana sauka a tabarma.

Daga ƙarƙashin tawul ya ce, "Wanzam, wane turare kake sa wa wannan abin?"

Kurege bai san ya sa turare ba. Ya sunkuya ya shinshina, ya gane. Warin Bunsuru ne.

Ya ce, "Haɗin gida ne, ranka ya daɗe. Na manya."

"Bar shi tukuna. Kada ka ɗauke."

Aka bar shi. Kure ya yi barci yana tauna iska. Da ya farka bai ko tambayi askin ba. Ya tafi, ya dawo da buhun gyaɗa guda a kafaɗa, wanda ba a tambayi gonar da ya fito ba, ya dire shi a gaban Kurege.

Washegari ya dawo.

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya aka yi maka aski."

"Ya tsiro."

Bai tsiro ba. Aka rufe shi da tawul, aka yi ta karta aska a kan fata. Amma ranar ƙanshin ya yi rauni, don an goge tumaki biyu da barewa da tawul ɗin kafin shi. Kure ya tashi fuska a murtuke, gyaɗar da ya kawo ma rabin buhu ce.

Kurege ya kwana da wannan rabin buhu a ransa. Da safe ya nufi gidan Bunsuru, inda ba a taɓa yin sallama ba.

Ya ce, "Malam Bunsuru, na duba duk garin nan ban ga mai wuya irin naka ba. Irin wannan wuya kullum ake gyara shi. Ka riƙa zuwa da sassafe, kyauta."

Bunsuru ya ce, "Kyauta? Ni?"

"Tsakanina da kai ai ba maganar lada."

Bunsuru ya shiga ɗaki ya fito da tabarma, ya ga ba zama baƙon zai yi ba, ya mayar.

Shi ke nan, aiki ya kankama. Da sassafe Bunsuru, a goge wuya, a goge bayan kunne, a goge gindin ƙaho. Da hantsi Kure, a rufe fuska, a yi barci, a dire buhu. Da sassafe Bunsuru, da hantsi Kure. Rumbun Kurege ya cika, ya gina wani.

Sauran masu aski kuwa suka fara raguwa. Tawul ɗin ya sha yawun Kure har ya ƙoshi. Ranar da aka ɗora wa Barewa shi a fuska, ta zabura da kumfa a kai, ba ta tsaya ba sai bayan gari. Rago ya suma, sai da aka yayyafa masa ruwa. Ɗaya bayan ɗaya suka koma layin Kunkuru. Kurege bai damu ba, buhu ɗaya ya fi ƙunshi goma. Bunsuru kaɗai bai taɓa jin komai a jikin tawul ba. Warinsa ya rufe masa kowane wari.

Shi kam ya samu aboki. Yana zuwa da 'yar tsaraba, yana zama bayan aski yana ba da labarin da ba wanda ya taɓa saurara. A kasuwa in an ce tawul ɗin Kurege ya yi tsami, shi ne mai tsayawa ya ce hassada ce.

Wata rana ya ce, "Wanzam, ka san kai ne na farko da ya taɓa riƙe kaina bai kawar da fuska ba?"

Kurege, wanda ya koyi numfashi ta baki, ya ce, "Zumunci ke nan."

To, tawul da ba ya ganin rana, ba ya ganin sabulu, yana da nasa aikin. Fuskar Kure ta fara ƙaiƙayi. Ƙuraje suka feso masa daga haɓa har ƙeya, ga aska tana bi ta kansu kullum. Ga kuma wata cutar da ta fi wannan. Tun da ya fara kwanciya a ƙarƙashin tawul ɗin nan, duk abin da matarsa ta kawo gida sai ya ji shi salam. Ya rame, ya zama mai saurin fushi.

Ran nan da hantsi aka lulluɓe shi kamar kullum. Ya ja numfashi, ya sake ja, sai ya kai cizo. Ya cafki gefen tawul tare da ƙarshen wutsiyar Kurege. Kurege ya fizge, ya bar gashi a bakinsa. Kafin ya kai raminsa Kure ya taka shi da ƙafa ɗaya.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Dubi fuskata."

"Zafi ne, ranka ya daɗe, na wannan shekarar..."

"Yara suna nuna ni a hanya. Matata ta raba mana ƙwarya. Wata biyu ina kawo maka gyaɗa kana ciyar da ni iska." Ya ƙara danna ƙafar. "Ni ba yaro ba ne, na san warin bunsuru tun ranar farko. Na bar ka ne in ga iyakarka. Gobe war haka, ko mai warin, ko mai tawul ɗin. Kai loma ɗaya ce, amma zan yi haƙuri da kai."

Ya ɗaga ƙafa ya tafi.

Kurege ya zauna a bakin rami yana lasar wutsiya. Ya yi tunanin gudu. Ya dubi rumbu biyu, ya ga ba za su ɗauku ba. Ya yi tunanin faɗa wa Bunsuru ya bar gari, ya ga in Bunsuru ya tafi saura shi. Ya yi tunanin kai ƙara, ya ga za a tambaye shi yadda aka yi warin ya kai hancin Kure. Bai daɗe yana tunanin ba. Wannan ma ya lura da shi, ya ɗan ji ba daɗi, ya ci gyaɗa.

Da la'asar ya je gidan Bunsuru ya ce, "Gobe kada ka zo da sassafe. Ka zo da hantsi, lokacin manyan baƙi."

Bunsuru ya ce, "Da hantsi? Mutane suna gani?"

"Su gani mana. Kunyar wa muke ji?"

Bunsuru ya zo da hantsi, ya taje gemu, ya shafa mai a ƙaho. Ya bi ta tsakiyar kasuwa a hankali don a gan shi. Ya tarar an mayar da tabarma bayan rumfa, wajen wata kuka da ba kowa ke bi ba. Kurege ya ce an fi samun iska a nan.

Bunsuru ya kwanta, ya miƙa wuya. Kurege ya jiƙa tawul da ruwan ɗumi, ya matse, ya lulluɓe masa fuska, ya cusa gefe da gefe a ƙarƙashin kai.

Bunsuru ya ce, muryarsa tana fitowa a dushe, "Yau ruwan ya yi daidai, Wanzam."

"Na kula da shi."

"Na kawo maka ƙuli-ƙuli, yana cikin jakata. Kada ka manta."

"Ba zan manta ba. Ruwan tulu ya ƙare, bari in ɗebo. Kada ka motsa, kada tawul ya huce."

"Ina nan."

Kurege ya ɗauki tulu, ya ɗauki jakar ƙuli-ƙuli. Yana zagaya rumfa suka yi kiciɓis da Kure. Ba wanda ya gaida wani. Bai yi nisa ba ya ji Bunsuru a bayansa yana cewa, "Har ka dawo? Kai, Wanzam, kana da sauri."

Rijiyar ba ta da nisa, amma sai da rana ta karkata ya dawo. Tabarma tana nan. Ya juya ta.

Ba wanda ya yi cigiyar Bunsuru. Bayan kwana uku Rago ya ce a majalisa, kwanakin nan iskar kasuwa ta yi daɗi, ko damina ce ta kusa? Aka ce ƙila ita ce.

Ashe Kure ya haɗa Bunsuru da tawul ya tafi da su. Kurege ya duba bayan kuka, ya duba cikin ciyawa, bai samu ko zare ba. Kwana biyu yana zagaye kusa da gidan Kure yana shawarar ko ya yi sallama ya tambaya, ya ga ba zai iya ba. Duk wanda ya tarar da shi a bakin rumfa ya yi tagumi, in ya tambaye shi lafiya, sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Rashi na yi. Wata biyu kacal ina amfani da shi. Ko wanki ɗaya bai taɓa sha ba."

Ƙurunƙus, kan kurege a cikin zabira. Wanda zai je aski gobe, ya shinshina tawul kafin a rufe masa ido. In kuma wanzami ya ce kyauta ne, ya tsaya ya ga wanda ake yi wa aski bayansa.