Wanda Ya Fifita Ƙarfe A Kan Zaglul

An yi wani mutum, shugaban masu duba kaya a wata tashar nukiliya da ke bakin teku. A tashar akwai ɗakin da ɗan Adam ba ya shiga saboda gubar da ke ciki, sai mutum-mutumi, na'ura mai taya da ido. Mutumin nan ya fi ji da na'urar a kan ma'aikatansa.

Wata rana tayarta ta maƙale a ɗakin. Ƙa'ida ita ce a kai rahoto, a jira wata na'urar ta janyo ta. Shi kuwa manyan baƙi yake jira, ba ya son a ce ya gaza. Sai ya kira wani dattijo mai shara, Zaglul, ya cire masa ɗan ma'aunin guba da ke ƙirjinsa, don kada a gane ya shiga.

"Shiga ka janyo min ita."

"Yallaɓai, ina da 'ya'ya fa."

"Kai kaɗai ka haifa? Irinka dubu ne a bakin ƙofa. Ita fa, guda nawa ce?"

Zaglul ya shiga, ya janyo ta. Kafin la'asar ya fara amai. Mutumin ya yi dariya, ya ce waken safe ne ya ɓata masa ciki.

Saura wanke na'urar. In ya kai ta wurin masu wanki, za su tambayi wanda ya fito da ita. Don haka ya kulle ƙofa, ya goge ta da tsumma da hannunsa. Wa yake ɓoye wa, ya 'yan uwa?

Gubar da ke jikin na'urar ta kama shi, tafukansa suka yi ja, suka kumbura, suka ruɓe. Likitoci suka yanke su duka biyu. Aka kwantar da shi a ɗakin da ke kusa da na Zaglul, wanda gashinsa ya zube, bakinsa ya cika da gyambo.

Mutumin ya roƙi a tura shi wurin Zaglul a keken marasa lafiya.

"Baba Zaglul, don Allah ka yafe min."

Zaglul ya dube shi ya daɗe. Sannan ya juya fuskarsa bango, bai sake juyowa ba har ya cika.

Ya 'yan uwa, hakkin bawa yana nan sai mai shi ya yafe, ga shi mai shi yana kabari. Mutumin yana raye, a baki ake ba shi abinci, ko hannun da zai ɗaga ya roƙi gafara babu. Wallahi ban taɓa jin tausayinsa ba, tsoro nake ji.

Allah ya kiyaye mu da ɗaukar hakkin na ƙasa da mu.