Fuskar da Ta Tsira Daga Wuta

An ruwaito a littattafan mutanen dā cewa an yi wani sarki a ƙasar Faransa mai suna Tibo, wanda ya gaji sarauta yana goye, don ubansa ya rasu a fagen yaƙi. Da ya kawo ƙarfi, Wazirinsa, mutum mai son a ce ya yi, ya ba shi shawara a tattara duk tsabar zinariya mai fuskar marigayi a narke, a sake bugawa da tasa fuskar. Aka yi shela cewa wanda aka kama da tsohon bugu, a bakin hannunsa.

Ana nan sai wani tsohon falke Bakatsine, Yahuza, ya iso birnin da kayan jar fata. Masu gadin ƙofa suka ga zinariya guda mai tsohon bugu rataye a wuyansa, suka tasa shi gaba har fada. Ya damƙe ta gam. Waziri ya ce ya miƙo ta ko ya miƙo hannu. Tsoho ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a ji labarinsa tukuna, Sarki ya yarda.

Ya ce yana saurayi 'yan fashin teku suka kama shi, aka sayar da shi, ya tsinci kansa yana tuƙin jirgin ruwan marigayi da sarƙa a ƙafa shekara da shekaru, har ya fid da rai da ganin gida. Wata safiya marigayi ya zo bakin ruwa yana dariya kamar yaro, ya sa aka kwance matuƙa duka, ya bi su ɗaya-ɗaya yana ba kowa zinariya ta guzuri.

Yahuza ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ranar ce aka haife ka. Na sha yunwa a hanya, ban kashe ta ba. Kullum na idar da salla sai na dubi fuskar mahaifinka na yi masa godiya."

Sarki ya ce a miƙo masa. Su kuwa sarakuna ba sa riƙe kuɗi da hannunsu, saboda haka bai taɓa duban tsohon bugu ba, kuma babu wata surar ubansa sai wadda ke jikin kuɗi. Ya daɗe yana kallon fuskar, gumin tsoho ya shafe rabinta. Ya taɓa nasa hancin, sai hawaye.

"Na sa an narke ubana ban san kamanninsa ba," in ji shi. "Baba, na gode."

Ya janye dokar, Waziri ya sunkuyar da kai. Yahuza ya ce Sarki ya riƙe zinariyar, amma Sarki ya mayar masa a wuya da hannunsa, ya roƙe shi ya riƙa zuwa kowace safiya su duba tare.

Masu hikaya suka ce, alherin da uba ya yi ya manta, wanda aka yi wa ne ya ajiye wa ɗansa.