Akuyar Tabawa da Ganyen Gawo

To, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A can da, itatuwa duk rana ɗaya suke zubar da ganye. Da an gama girbi sai a wayi gari daji fayau, ba inuwa, ba abin da dabba za ta tsinka.

Akwai wata tsohuwa, Tabawa. 'Yarta ta rasu wajen haihuwa, ta bar mata jaririya. Ba abin da ke riƙe da yarinyar sai nonon wata akuya. Tabawa ta san in ganye ya ƙare, nono ya ƙafe. Sai ta goya jikarta, ta ja akuya, ta shiga daji.

Sai ta iske Kuka. Ta ce, "Sannu, Yaya Kuka. Don Allah ki riƙe ganyenki bana, marainiya gare ni."

Kuka ta ce, "Ayya, in na riƙe ganye, ruwan cikina zai ƙone. Ni zan fara zubarwa ma. Amma tsinki tun yanzu ki shanya, ke ma kina son miya."

Sai ta iske Tsamiya, ta roƙe ta.

Tsamiya ta ce, "Nawa ƙanana ne, ba ya cika cikin akuya. Sai dai in riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, wani na faɗuwa wani na tohowa, yarinyar ta sami inuwa."

Sai ta iske Gawo. Ya dubi goyon. Can ya ce, "Zan riƙe, har in ƙara wa akuyar da 'ya'yana. Amma kowane ice sai ya huta. In na yi rani da ganye, da damina zan tuɓe."

Tabawa ta ce, "Malam Gawo, dariya za a yi maka."

Ya ce, "A yi. Matso da akuyar."

Ranin nan akuya ta ƙoshi, nono bai yanke ba, yarinya ta yi ɓul-ɓul har ta fara rarrafe.

Sai ruwa ya sauka. Kowane ice ya yi kore shar, Gawo ya zubar da nasa, ya tsaya tsirara. Masu wucewa suna cewa, "Ku dubi wanda ya ƙi ruwan Allah!"

Abin ya yi wa Tabawa zafi. Sai ta ɗauko irin gero, ta shuka kewaye da gindinsa. Ta ce, "Bari in suturta ka." Geron ya tashi, ya fi na kowa tsawo, ya rufe shi har ƙugu.

Ƙurunƙus kan kusu. In kun ga mutum ba riga, kada ku yi dariya, wataƙila saboda wani ya tuɓe ta.