Jaririya Ɗaya, Takwara Huɗu

Ku gyara zama, ku ajiye hirar da kuke yi. Ga wata magana da ta gagari masu ita, na kawo muku ku raba gardama.

Malam Hambali malamin tarihi ne a wata jami'a ta nan Arewa. Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai jiki, mai fara'a, amma yana da hali guda da duk wanda ya zauna da shi ya sani: alkawari ba ya yi masa nauyi a baki. In ka yaba hularsa zai ce gobe zai kawo maka irinta, kuma har zuciyarsa yake faɗa, sai dai kafin goben ya faɗa wa wani. Matarsa Rumasa'u ta daɗe da daina yi masa faɗa a kan haka.

Sun yi shekaru da aure babu haihuwa, har masu tambaya suka gaji, sai Allah ya kawo ciki. Da cikin ya tsufa iyayenta suka aiko a kai ta gida goyon ciki, yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Garinsu wani ƙauye ne a tsallaken iyaka, cikin ƙasar maƙwabta. Hambali bai so ba, amma ba ya iya musu da surukai, ya kai ta da kansa ya dawo. Bai jima da dawowa ba gwamnatocin ƙasashen biyu suka ɓata, aka rufe iyaka ta ƙasa da ta sama. Damina kuma ta yi ƙarfi, ruwa ya cinye gadar da ta haɗa ƙauyen da babban titi.

Ana cikin haka wata safiya surukinsa ya bugo waya. Rumasa'u ta kumbura, tana jijjiga, har ta taune harshe. Ma'aikaciyar ɗakin shan maganin ƙauyen ta ce abin ya fi ƙarfinta, in ba a kai ta babban asibiti ba, za a rasa uwa da abin da ke cikinta. Babban asibitin ƙasarsu yana can nesa, hanyar ma ta yanke. Wanda ya fi kusa shi ne na wannan tsallaken, inda Hambali yake tsaye riƙe da waya yana hawaye kamar ƙaramin yaro.

Da hankalinsa ya ɗan dawo sai ya tuna ƙawayen matarsa. Su huɗu ne, ɗaki ɗaya suka zauna da ita lokacin suna ɗalibai, yanzu kowacce ta zama Dakta a cibiyar bincike ta jami'ar. Mardiyya tana nazarin yadda ƙasashe ke hulɗa da juna. Baraka tana nazarin cinikin filaye da gidaje. Zulai injiniya ce, aikinta sanin yadda iska ke ɗaga fiffiken jirgi. Kubura kuwa likita ce a ɗakin da ake kwantar da waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa. Irin binciken nan ne da in suna yi maka bayani sai ka yi ta gyaɗa kai don kunya, ba don ka gane ba.

Kubura ta karɓi wayar ta gaya wa ma'aikaciyar ƙauye allurar da za ta yi don jijjigar ta lafa, ta ce wannan zai iya riƙe ta zuwa gobe da safe, amma ba ta ɗauki alhakin abin da ya wuce haka ba. Wata ƙungiyar agaji mai jigilar magunguna tana da ƙaramin jirgin sama a garin da Hambali yake, ta yarda ta bayar. Saura izinin tsallakawa.

Nan Mardiyya ta shigo. Ta yi shekaru tana bibiyar yadda ƙasashen nan biyu ke ɓatawa su shirya, ta san komai zafin faɗansu akwai wani kwamiti na ruwan kogi da cutar dabbobi da ba ya daina zama, don shanu da ruwa ba su san iyaka ba. Ta kuma san abin da ya fi wannan: babu gwamnatin da za ta yarda a ce ita ta fara roƙo. Saboda haka ba ta doshi manya ba. Ta nemi mutanen kwamitin na nan da na can, ta tsara maganar yadda kowane ɓangare zai ga shi ne ya yi alfarma, ɗayan ne ya karɓa. Kafin la'asar izini ya fito: jirgi ɗaya, sauka ɗaya, ya bar ƙasar kafin rana ta take. Daga baya jami'an tsaro sun gayyace ta ta yi bayanin yadda aka yi ta san mutanen can haka, suka riƙe fasfonta, taron da ta daɗe tana shirin zuwa a ƙasar waje ya wuce ta. Amma a ranar, da ta gaya wa Hambali an dace, sai ya durƙusa a ƙofar ofishinta.

"Dakta, wallahi in Allah ya tashi kafaɗar Rumasa'u, kuma mace ta haifa, sunanki zan sa."

Izini ya samu, amma ina jirgin zai sauka? Ƙauyen fadama ce ta kewaye shi, inda ba ruwa kuma gero ne ya fi mutum tsawo. Baraka ce ta tuna. A binciken da ta yi kan yadda jita-jita ke tayar da cinikin filaye a garuruwan bakin iyaka, ta taɓa zuwa wannan ƙauyen. Akwai wani Alhaji daga birni da ya ji raɗe-raɗin za a ja sabon titi ta wajen, ya yi wuf ya saye wani dogon tudu, ya sa aka sare itatuwa aka baje shi, ya hana kowa nomawa, yana jiran ranar da zai yanka shi fuloti-fuloti. Titin bai zo ba har yau. Baraka ta taka filin da ƙafarta, ta san tsawonsa, ta san jan tsakuwa ne da ba ya riƙe ruwa. Ta nemo Alhajin ta hannun dillalinsa. Ya ce ya yarda a tumɓuke turakun shaida jirgi ya sauka, amma da sharaɗi: ta cire labarinsa daga littafin da take rubutawa, don ya gaji da zama abin dariya a kasuwa. Wannan babin shi ne ƙashin bayan littafin, kuma da littafin take sa ran ƙarin girma. Ba ta ko nemi lokacin tunani ba, ta ce ta cire. Mutanen ƙauye suka fita da fartanya da gatari suka share filin. Hambali ya same ta a bakin mota, ya yi mata godiya har da rantsuwa, ya ce in mace ce to takwararta ce.

Sai matuƙin jirgin ya dubi tsawon filin ya girgiza kai. Ya ce sauka ba wuya, tashi ne ba zai yiwu ba, filin ya yi gajere, kuma a ƙarshensa akwai bishiyar kuka. Ya ce shi ma yana da iyali. Zulai ta zaunar da shi. Abin da ta yi shekaru tana gwadawa ke nan a ɗakin gwajinta, yadda iska mai zafi ke rage wa fiffike ƙarfi da yadda mai sanyi ke ƙara masa. Ta nuna masa cewa in ya tashi da sanyin safiya, ya fuskanci iskar damina gaba da gaba, aka cire kujerun baya, aka rage mai ya zama daidai na dawowa, zai haye kukar nan. Amma ba da kowane nauyi ba: shi, da likita, da mara lafiya, shi ke nan. Matuƙin ya ce a takarda kowa ma ya iya tashi. Ta ce to za ta bi shi ta auna iskar da kanta a filin, in lissafinta bai yi ba kada ya tashi, in ya yi kuma ita za ta zauna a can ta bar wa Rumasa'u gurbinta.

Da safe Hambali ya iso filin jirgi da jakarsa a kafaɗa. Zulai ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ajiye jakar nan. Kai kaɗai ka kai nauyin mutum biyu. In ka shiga, matarka ba za ta fito ba."

Ya ajiye. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya san gaskiya ta faɗa, kuma ganin za ta jefa kanta bayan rufaffiyar iyaka saboda matarsa ya sa ya yi mata alkawarin da kuka riga kuka sani. Can a ƙauyen ta ɗaura gyalenta a kan gora ta kafa a bakin filin, ta tsaya tana kallon yadda yake kaɗawa har iskar ta daidaita, sannan ta ɗaga wa matuƙin hannu. Jirgin ya haye kukar da ƙyar, ganyenta na rawa. Ita kuwa sai da ta kwana biyar tana bin kwalekwale da babur ta cikin daji kafin ta ga gida.

Saura Kubura. Lissafin Zulai ya hana ta ɗaukar na'urar numfashi, don ita da baturanta sun yi nauyi. Da wata likitar ce da ta ce ba za ta je ba, kuma ba wanda zai ga laifinta. Amma binciken Kubura dama a kan haka yake: yadda za a riƙe ran mara lafiya idan wuta ta ɗauke, na'ura ta tsaya, ba abin da ya rage sai hannu. Jirgin na tashi jijjigar ta dawo, numfashin Rumasa'u ya tsaya. Kubura ta durƙusa a inda aka cire kujeru, ta zura mata bututu a maƙogwaro jirgi na tangal-tangal, ta kama jakar robar nan da ake matsawa a hura wa mutum iska, ta yi ta matsawa tana ƙirgawa a ranta, ba ta saki ba har suka sauka, har aka shiga ɗakin tiyata. Aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya amma da ranta. Uwar ta kwana uku a ɗakin da Kubura ke aiki kafin ta buɗe ido. Yatsun Kubura sun sage, ko cokali ba ta iya riƙewa, kuma shugabannin asibiti suka tuhume ta da tsallaka iyaka ba da saninsu ba. Hambali da ya ga matarsa ta motsa, ai kun san abin da ya gaya wa Kubura.

Bai tuna ya yi ɓarna ba sai ana gobe suna. Mardiyya ce ta fara sallama a ɗakin mai jego da akwatin kayan jarirai tana tambayar ina takwararta. Ba ta gama zama ba Baraka ta shigo da nata akwatin da irin tambayar. Kubura dama tana ciki. Zulai ta zo ƙarshe, tana ɗingishi, ƙafa duk ƙaya, da 'yan kunnen zinare a hannu na takwara. Babu wadda ta ɗaga murya, su ba irin matan nan ba ne, kuma ƙaunar da ke tsakaninsu ta gaske ce. Sai dai kowacce ta ce ita ba ta roƙa ba, shi ya faɗa da bakinsa har da rantsuwa, kuma ta riga ta gaya wa danginta.

Hambali ya yi zufa ya share, sannan ya kawo dabara: a jera sunayen huɗu duka a sa wa yarinyar. Da wasu ne da an wuce wurin. Amma waɗannan masu bincike ne, sun saba rubuta maƙala su huɗu su biyar, kuma a wajensu sunan da ya zo farko shi ne mai aikin, sauran duk sunansu "da sauransu". Suka ce sun yarda a jera, ya faɗi wadda za ta zo farko. Ya ce a bi haruffa, Baraka ta yi murmushi, Zulai ta ce ba da ita ba. Ya ce to a sa sunan surukarsa a huta, tsohuwar ta aiko cewa ita ba za a fake da ita a karya rantsuwa huɗu ba.

Ya juya wajen matarsa yana neman mafita. Rumasa'u tana jingine da filo, muryarta ba ta gama dawowa ba.

"Malam, ni ban san sanda aka yi komai ba, a sume nake. Kai ka gani da idonka, kai ka yi alkawari. Ni dai kada a wayi gari 'yata ba suna."

Gari ya waye. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro da dabino, rago na ɗaure, wanzami na wasa askarsa. Matan huɗu suna cikin gida, kowacce ta kasa kunne. Liman ya gama addu'a, ya karkato da kansa wajen Hambali don a raɗa masa sunan. Hambali ya kai bakinsa kusa da kunnen liman, ya tuna ba don izini ba da jirgin bai tsallaka ba, ba don fili ba da bai sauka ba, ba don lissafin iska ba da bai tashi ba, ba don hannun likita ba da gawa aka sauke. Mutumin da alkawari bai taɓa yi wa nauyi a baki ba, ranar bakin ya ƙi buɗuwa.

Liman yana jira, jama'a suna jira. To, ku da kuka ji yadda aka yi, tsakanin Mardiyya da Baraka da Zulai da Kubura, sunan wace ce ya kamata Malam Hambali ya raɗa?